Yadda Muka Ba da Gidanmu na Fagge Aka Gina Bene, da Abin da Ya Sami Dawakinmu

Tun da aka kammala benen da ke tsaye a inda gidanmu yake a Fagge, da wuya wata ya wuce wani bai zo mini da tambaya ba, ko tsohon maƙwabci ko ɗan'uwan wani abokin kasuwa da aka yi wa irin tayin da aka yi mana. Duk wanda ya san kewayen Kantin Kwari ya ga abin da ke faruwa. Kasuwar yadi ta cika ta batse har ta shiga cin gidajen zama, da fari a mai da zaure shago, sannan ɗakunan ciki su koma sito, daga ƙarshe a rushe gidan ɗungurungum a ɗaga bene. Mu ma ta haka muka bi, kuma mun sha ruɗani a wuraren da da an faɗa mana tun farko da mun huta, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin daki-daki yadda ya gudana.

Gidan asalinsa na kakanmu ne kafin ya zama na mahaifinmu, kuma abin da aka san shi da shi a unguwa shi ne dawaki. Akwai barga a bayan gida mai turke biyu, inda dawakinmu biyu, akawal da kili, suke, kuma kowace sallah a zaurenmu ake ɗaura musu sirdi da jalala kafin mahaifinmu da ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, su bi zugar hakimi zuwa hawa. Bayan rasuwar mahaifinmu a 2021 wani dillali ya kawo mana wakilin wani kamfanin gine-gine. Tayinsu shi ne su haɗa gidanmu da na maƙwabta uku, su gina bene hawa 7 da kuɗinsu, shaguna a ƙasa, sito da ofisoshi a sama, su ci moriyarsa shekara 20 sannan su mayar wa masu fili. A tsawon wannan lokaci za a ba kowane gida shaguna a hawan ƙasa da kuɗin da zai kama hayar wurin zama. Kowa ya yi shiru yana lissafi, sai Baffa ya ce, “To dawakin fa, ina za su?” Wakilin ya amsa da ladabi, ya ce, “Baba, wannan mai sauƙi ne. Kamfaninmu yana ɗaukar nauyin bukukuwan al'ada, hawan sallarku ya zama namu.” Muka ji daɗin maganar, kuma a ranar babu wanda ya yi tunanin a rubuta ta.

Matakin farko shi ne kotun shari'ar Musulunci, domin ba a raba gado ba, kuma babu kamfanin da zai sa kuɗinsa a kan filin da ba a san masu shi a rubuce ba. Mu 11 ne magada, iyayenmu mata biyu da 'ya'ya 9. Alƙali ya nemi a kawo sunayen magada duka, da shaidu biyu da suka san gidan da mamacin, da takarda daga mai unguwa, sannan ya tambaya ko akwai bashi ko wasiyya, domin sai an fitar da su kafin a yi maganar rabo. An tura masu ƙiyasi suka yi wa gidan kuɗi. Zama huɗu muka yi cikin kusan wata uku, kuma abin da ya ja lokacin daga gare mu ne, saboda ƙanwarmu da ke aure a Zariya ba ta samu zuwa zaman farko ba, ga kuma autanmu da bai balaga ba wanda sai da aka naɗa masa mai tsaya masa. Da aka zo rabo, iyayenmu mata suka raba tumuni a tsakaninsu, saura aka raba mana, namiji rabo biyu mace rabo ɗaya. Yayanmu ya miƙe ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ba mu son a yanka gidan, muna son a rubuta wa kowa kasonsa.” Haka aka yi, aka ba mu takardar mallaka da sunayenmu duka. Daga nan magada suka sa hannu a takardar wakilci da ta ba ni da Yaya ikon yin magana a madadinsu. Wannan takarda ta rage mana wahala ƙwarai, domin da babu ita da kowane ofis sai mun kwashi mutum 11 mun je.

Mataki na biyu ya fi kowanne tsawo. Abin da muke da shi na shaidar gidan shi ne takardar ciniki ta kakanmu, da ajami, wadda ninki ya cinye gefenta. Ba a taɓa yi wa gidan satifiket ɗin mallaka ba, wanda kowa ke kira C of O. A nan ne na fara fahimtar Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma ta ce mai riƙe da satifiket ba zai sayar ko ya jinginar ko ya ba da filin haya mai tsawo ba sai da amincewar gwamna. Abin da wannan ke nufi gare mu shi ne aiki uku a jere: a samo satifiket, a sauya amfanin filin daga gidan zama zuwa wurin kasuwanci, sannan a nemi amincewa da yarjejeniyarmu da kamfani. Muka ɗauki mai safiyo ya auna filin ya fitar da taswira, muka cike fom a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye na Jihar Kano, muka haɗa da takardar kotu da hotuna da shaidar biyan haraji, fayil ɗin ya shiga ma'aikatar ƙasa. Sai aka gano cewa sunan kakanmu ya zo iri uku a takardunmu, a wani wuri da laƙabinsa na kasuwa, a wani da sunan mahaifinsa, a wani kuma da sunan unguwa. Dole muka yi takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, kuma wannan kaɗai ya ci mana makonni. Kuɗin da muka kashe sun haɗa da na fom, na safiyo, na harajin ƙasa, na sauya amfani da na hatimi, kuma kowanne a banki muka biya shi cikin asusun gwamnati muka adana rasit. A bakin ƙofa wasu mutane sun sha tare mu suna cewa in muka ba su wani abu za su fito mana da takarda cikin mako biyu. Ɗaya daga cikin maƙwabtanmu ya ba da, ya yi asarar kuɗin, kuma ya dawo ya bi layin da muka bi. Kusan shekara guda wannan mataki ya ɗauka, kuma sau da yawa nakan dawo gida in rasa amsar da zan ba Hajiya, mahaifiyata, idan ta ce, “Yau ma ba a gama ba?”

Ana cikin haka muka zauna kan yarjejeniya. Kamfanin ya ce lauyansa zai rubuta wa kowa don a rage kashe kuɗi, amma Kawu, ƙanin Hajiya, ya ce sam, mu nemi namu ko da za mu ci bashi. Ban taɓa kashe kuɗin da na ga amfaninsu kamar na wannan lauya ba. Shi ya nuna mana cewa daftarin bai faɗi ranar da za a fara ƙirga shekara 20 ba, wato in aka ce daga ranar kammala gini, kamfani zai iya jan aikin yadda ya so alhali muna zaman haya. Ya sa aka rubuta wa'adin gini da tarar da za a biya in an wuce shi, aka hana kai satifiket ɗinmu banki a ci bashi da shi, aka rubuta yanayin da za a mayar mana da benen, kuma aka ambaci shagunanmu da adadinsu da girmansu da wurin da kowanne zai fuskanta. Da ya ji labarin dawaki ya ƙara sakin layi ɗaya a kai. Mutanen kamfani suka ce wannan ba hurumin sashen gini ba ne, akwai sashen da ke kula da tallafin bukukuwa, kuma ba a haɗa su a takarda ɗaya. Mun gaji, maƙwabta suna matsa mana a sa hannu, sai muka yarda aka cire. Lauyan ya dube ni ya ce, “Malam, yau ne kaɗai suke buƙatarku fiye da yadda kuke buƙatarsu.” Na ji maganar amma ban auna nauyinta ba sai daga baya.

Neman izinin gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, aikin kamfani ne, amma na riƙa bin su don in san abin da ake ciki. An nemi zanen gini mai hatimin mai zane da ke da rajistar ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini, da lissafin ƙarfe da kankare na injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi, da sakamakon gwajin ƙasa, da tsarin kariya daga gobara, da wurin ajiye motoci, da tazarar da za a bari daga titi. Wannan ya faɗo a watan Agustan 2022, watan da ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta lalata yadi mai yawa, kuma wani bene da ake ginawa ya rufta a titin Beirut. Kafin nan ma labarin bene hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 bai bar bakin mutane ba. Saboda haka ban ji haushi ba da aka dawo da zanen aka ce a ja da baya daga magudanar ruwa, domin iyalanmu ne za su gaji ginin. Gyaran ya rage shago biyu a hawan ƙasa, kuma da yake an rubuta namu da adadi da wuri, ragin bai taɓa mu ba. Lauya ya kuma nemi a nuna mana takardar inshora, tunda Dokar Inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin, ta wajabta ta a kan duk ginin da ya wuce hawa biyu yayin da ake aikinsa.

A farkon 2023 aka rushe gidan. Da asuba, kafin katafila ta iso, Baffa ya shiga barga shi kaɗai da diga. Na same shi yana haƙa gindin turken akawal, itacen da igiya ta goge shi har ya yi santsi yana sheƙi, kuma ya ƙi yarda kowa ya taya shi. Da ya tumɓuke shi ya naɗe shi a buhu ya sa a bayan a-kori-kura tare da sirdi da likkafa. Dawakin muka kai su wani kango da muka kama haya a wajen gari, kuma daga ranar ne na san tsadar doki, domin abin da a da yara ke yi a gida kyauta yanzu sai mun biya mai kula, ga harawa da dusa da kanwa, ga ruwa da ake saye, ga kuɗin motar da za ta kawo su gari ranar hawa. A watan Yunin wannan shekara sabuwar gwamnati ta shiga rusau, aka rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da Filin Sukuwa da Filin Idi, hankalin duk mai gini a Kano ya tashi. Lokacin an kai hawa na biyu a namu. Muka yi kwafin kowace takarda muka ajiye a wurin aikin, kuma da jami'ai suka zo dubawa suka karanta suka tafi ba tare da sun shafa mana jan fenti ba. A ranar na gode wa Allah da shekarar da muka yi muna bin layi.

Da sallah ta gabato na je ofishin kamfani in tuna musu da alkawari. Wakilin da ya yi maganar a zaurenmu an riga an mai da shi wani gari. Aka tura ni sashen talla da hulɗa da jama'a, inda wata ma'aikaciya ta yi mini bayani a fili, kuma na gode mata da hakan. Ta ce kasafin tallafi ana rufe shi ne tun ƙarshen shekarar da ta gabata, kuma ba sa biyan kuɗi ga mutum ɗaya ko iyali, sai ƙungiya mai rajista da asusun banki da sunanta. Sallolin 2023 biyu da aljihunmu muka hau. Bayan haka muka tara gidaje 7 masu dawaki a unguwa muka kafa ƙungiya, muka nufi CAC, hukumar rajistar kamfanoni. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 ƙungiya irin tamu ana yi mata rajistar amintattu ne. Sai an fara neman amincewa da suna, sannan a kawo kundin tsarin ƙungiya, da rahoton taron da aka zaɓi amintattu, da lambar NIN ta kowannensu, a kuma buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Da satifiket ya fito muka karɓi lambar haraji, sai banki ya ce sai mun kawo takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Duka aikin ya ɗauke mu wajen wata huɗu, kuma da ƙyar muka shigar da takardar nemanmu kafin a rufe kasafin 2024.

Zaman da muka yi kan wannan takarda shi ya buɗe mini ido game da abin da ake kira ɗaukar nauyi. Tambayoyinsu duka a kan gani suke: mutum nawa za su kalla, ta waɗanne tituna za a bi, wa zai ɗauki bidiyo, ina tambarin kamfani zai fito. Suka kawo misalin bikin Ojude Oba na Ijebu Ode, wanda Globacom ya daɗe yana ɗaukar nauyinsa, inda shi ma iyalai ke fitowa a kan dawaki. Suka so a ɗinka tambarinsu a jikin jalala da bayan alkyabba. Baffa ya ce doki da mahayinsa gaisuwa suke kai wa Sarki, ba za su je gabansa da tallan kowa a jiki ba, kuma da muka kai maganar gaban hakimi ya goyi bayansa. Aka daidaita a kan rumfar da muke taruwa, da motar ruwa, da rigunan zagage. Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka bi kasafinmu da alƙalami. An bar kuɗin rumfa da riguna da makaɗa da mai hoto da motar ɗauko dawaki, an soke harawar shekara da hayar barga da maganin dabbobi da albashin mai kula, wai waɗannan ba na biki ba ne. Ni kuwa a ganina su ne bikin, domin dokin da ake kallo na yini huɗu an ciyar da shi ne kwana 360 da babu mai kallo. Aka ba mu rabin kuɗin kafin sallah, rabin kuma sai da muka kai rahoto da hotuna da rasitai. A ƙaramar sallar Afrilun 2024 muka hau, tun daga Hawan Idi zuwa Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, kuma gaskiya ne zugarmu ta yi kyau fiye da kowace shekara da na sani. Da aka zo jafi a Ƙofar Kudu na ga Baffa ya ɗaga hannu a kan akawal, sai da na share hawaye.

Wata biyu bayan haka, a dalilin taƙaddamar sarautar Kano, rundunar 'yan sanda ta hana hawan babbar sallah. Mun riga mun ɗinka kaya mun ƙara wa dawaki abinci. Da na koma kamfani aka buɗe mini takardar da muka sa wa hannu, aka nuna mini inda aka ce biya yana rataye ne da kowane hawan da aka gudanar. Babu inda aka yi maganar abin da zai faru in an soke shi ba da laifinmu ba, kuma wannan takarda ba mu kai wa lauya ita ba saboda mun ɗauke ta ƙaramar aba. A Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a taronta na birnin Asunsiyon na ƙasar Faraguwai, kuma a wannan mako mutanen kamfani da kansu suka kira ni suna murna suna maganar faɗaɗa tallafi. A 2025 aka sake hana hawan, maganar ta sake kwanciya. Cikin gidaje 7 na ƙungiyarmu biyu sun sayar da dawakinsu. Mu da muka riƙe namu, da hayar shago ɗaya daga cikin waɗanda aka ba mu a benen muke ciyar da su, bayan magada duka sun amince a zaman da Hajiya ta kira.

Duk wanda ya zo mini yanzu, abin da nake fara tambayarsa shi ne ko an raba gado, ko kuma akwai satifiket, domin in babu su ya san yana da shekara guda a gabansa kafin a ɗora bulo ɗaya, kuma kada ya kwashe iyalinsa daga gida sai izinin gini ya fito. Ina ce masa ya nemi lauyan kansa, ya kai masa kowace takarda komai ƙanƙantarta, ya kuma daidaita sunayen da ke takardunsa tun kafin ya shiga ofis. Amma inda na fi tsayawa shi ne a kan abin da gidan yake ɗauke da shi wanda masu ƙiyasi ba sa yi wa kuɗi. A namu gidan barga ce, a wani makarantar allo ce a zaure, a wani wurin da mata ke taruwa ranar suna ko biki. Kuɗin gini da kuɗin tallafi ba daga aljihu ɗaya suke fitowa a kamfani ba, na farko ana sa masa hannu sau ɗaya ya ɗaure su shekara 20, na biyu kuwa kowace shekara sai an sake roƙo, kuma yana bin inda idon jama'a yake. Saboda haka duk abin da mutum yake son ya rayu bayan an rushe gidansa, ya sa shi a yarjejeniyar gini, a matsayin wuri ko kuɗi tsayayye, tun yana riƙe da makullin ƙofarsa.

Wasu dangi a layin da ke bayan namu sun ji wannan shawara. Kafin su sa hannu sun sa kamfaninsu ya saya musu fili a wajen gari da sunan magada, ya kewaye shi ya gina barga da rijiyar burtsatse, kuma a can muke shirin mai da namu dawakin bayan damina in mun daidaita da su kan kuɗin haya. Mu kuma mun mai da takardar tallafinmu hannun lauya, ya raba ta gida biyu, kason kula da dawaki da za a biya ko an hau ko ba a hau ba, da kason biki da zai jira ranar hawa. Mun miƙa ta tun kafin lokacin rufe kasafi, kuma an ce mu saurari kira.